Gada Mai Rufi: Tsakanin Tattalin Magabata da Begen 'Yan Baya

Ranar Lahadi, 28 ga Agusta, 2011, guguwar da aka laƙaba wa suna Irene ta zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a jihar Vermont, arewa maso gabashin Amurka. Kafin a jima ƙananan koguna sun cika sun batse. A ƙauyen Bartonsville, kogin Williams ya yi ta zaizayar ƙasar da ke riƙe da gindin wata tsohuwar gadar katako mai rufi, wadda ke tsaye a wurin tun 1870. Mutane suna kallo daga nesa, ba yadda za su yi, har gadar ta zame daga mazauninta, ta afka ruwa ɗungurungum. Wata mazauniyar ƙauyen ta ɗauki bidiyon faɗuwar, cikin 'yan kwanaki kuwa hoton ya karaɗe duniya.

Guguwar ta lalata hanyoyi da gidaje da gadojin zamani waɗanda kuɗinsu ya ninka na wannan tsohon katako sau da yawa. Duk da haka, faɗuwar gadar Bartonsville na cikin abubuwan da suka fi tsaya wa jama'a a rai. Da aka tashi maye gurbinta, mutanen wurin ba su nemi kankare ba. Wata gadar katakon mai rufi aka gina musu, aka buɗe ta a watan Janairun 2013. Me ke cikin katako da jinka da har zai sa al'umma ta yi juyayinsu kamar an yi mata mutuwa? Wannan maƙala za ta bi tarihin irin waɗannan gadoji domin neman amsa, za kuma ta nuna cewa abin da 'yan baya ke bege a jikinsu ya sha bamban da abin da ya sa magabata suka gina su.

Dalilin Rufi

Wanda ya fara ganin irin wannan gada, ko da a hoto ne, zai ga kamar dogon zaure aka ɗora a kan kogi: ƙofa gaba da baya, bangon katako dama da hagu, jinka a sama. Tambayar da ke fara zuwa masa ita ce, me ya kai rufi kan gada? An daɗe ana ba da amsoshi. Wasu sun ce don kada doki ya hango ruwa ya firgita. Wasu sun ce dabbobi sun fi yarda su shiga abin da ya yi kama da ɗakin da suke kwana. Wasu sun ce don matafiyi ya samu mafaka, wasu kuma don a hana dusar ƙanƙara taruwa a daɓen gadar. Wannan magana ta ƙarshe tarihi ya ƙaryata ta. A lokacin hunturu, sa'ad da ake ajiye keken doki a fito da amalanke mara ƙafa mai sulɓi a kan ƙanƙara, sai garuruwa sun biya wani ya riƙa ɗebo ƙanƙarar da shebur yana shimfiɗawa a cikin gadar, in ba haka ba amalanken ya kafe a tsakiya.

Ainihin dalilin yana ga ɗabi'ar itace, wadda kowane masassaƙi ya sani. Itace in ya zauna a bushe yakan yi ɗaruruwan shekaru. In ya nutse a ruwa ba ya shan iska, nan ma yakan daɗe. Abin da ke kashe shi shi ne yau jiƙa, gobe bushewa. Ruwa yakan maƙale a mahaɗa, inda aka sassaƙe itace biyu aka cusa ɗaya cikin ɗaya, daga nan ruɓa ke farawa, tana ci ta ciki alhali waje lafiya lau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gadar katako da aka bari a buɗe ba ta cika wuce shekara goma zuwa ashirin ba. Wadda aka rufe, aka kuma ci gaba da kula da ita, takan haura ɗari. Shaidar haka ita ce gadar Hyde Hall da ke jihar New York, wadda aka gina a 1825, tana nan tsaye har yau.

Ashe ke nan lissafi ne na tattali. Allunan jinka da na bango masu araha ne, kowane kafinta zai iya cire ruɓaɓɓe ya buga sabo. Manyan itatuwan da ke ɗauke da nauyin gadar su ne masu tsada da wuyar sauyawa. Sai aka sadaukar da mai araha domin a tsare mai tsada. Wanda ya tashi a gidan ƙasa, ya ga yadda ake yaɓe da gyaran indararo kafin faɗuwar damina, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan hikima.

Tushe Daga Turai

Dabarar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A birnin Lucerne na ƙasar Suwizalan akwai gadar da ake kira Kapellbrücke, wato Gadar Ƙaramar Majami'a, wadda aka gina a ƙarni na 14 a kan kogin Reuss. Tsawonta ya ɗan haura mita 200. Asalinta wani sashe ce na ganuwar birnin, shi ya sa take manne da wata hasumiyar dutse mai kusurwa takwas, wadda a zamunna dabam-dabam ta zama kurkuku, ta kuma zama ma'ajiyar takardun hukuma. A ƙarni na 17 aka rataya alluna masu kusurwa uku a ƙarƙashin jinkarta, ɗauke da zane-zanen tarihin birnin da na waliyyansa, ta yadda mai ƙetare kogi zai riƙa karanta labarin garinsu da ido yana tafiya.

A ƙarni na 18 kuma wasu kafintoci 'yan'uwan juna, 'yan gidan Grubenmann, suka kai sana'ar wani matsayi da ya ba masana mamaki. Hans Ulrich Grubenmann ya gina gada mai rufi a kan kogin Rhine a garin Schaffhausen cikin shekarun 1750, sunanta ya zaga Turai. Sojojin Faransa suka ƙone ta a 1799. Tun daga nan ake iya hango ƙaddarar waɗannan gadoji: jinka takan kare su daga ruwan sama, amma ba ta da ta cewa a gaban wuta da yaƙi.

Zamanin Kafintoci

A Amurka ne gada mai rufi ta yaɗu fiye da ko'ina a yammacin duniya, dalilin kuwa a fili yake. Sabuwar ƙasa ce mai yawan koguna, mai yalwar dazuzzuka, mai ƙarancin kuɗi da magina dutse. Manomi yana son kai hatsi injin niƙa da kasuwa, jirgin fito kuwa ba ya aiki in kogi ya yi ambaliya ko ya daskare rabi da rabi.

Ta farko da tarihi ya tabbatar ita ce wadda Timothy Palmer ya gina a kan kogin Schuylkill a birnin Filadelfiya, aka buɗe ta a 1805. Shugaban kamfanin da ya zuba kuɗin aikin, Alƙali Richard Peters, shi ya matsa a rufe ta domin jarin masu hannun jari ya daɗe. Aka sa mata suna Dawwamammiyar Gada. Ta yi aiki har 1850, lokacin da aka sake mata fasali domin jirgin ƙasa, sannan gobara ta cinye ta a 1875. Sunan bai tabbata ba, amma darasin ya tabbata, garuruwa suka ɗauka.

Abin da ake rufewa shi ne ƙwarangwal ɗin gadar, kuma a nan ne basirar take. Gungume ɗaya ba zai ƙetare faffaɗan kogi ba, zai lotsa a tsakiya. Sai aka riƙa haɗa gajerun itatuwa su zama jerin siffofi masu kusurwa uku, domin irin wannan siffa ba ta karkacewa sai ɗaya daga ɓangarorinta ya karye. Nauyin da ke kan gadar yana matse itacen sama, yana jan na ƙasa, na tsakiya kuma suna miƙa shi hannu zuwa hannu har ya isa gaɓar kogi.

Masu fasaha suka shiga gasa, kowa yana yi wa ƙirarsa rajista a hukuma. Theodore Burr ya haɗa wannan jeri da wani babban baka na itace, ya samu rajistar ƙirar a 1817. Ithiel Town, a 1820, ya zo da abin da ya fi sauƙi: alluna ne ake gicciyawa kamar saƙar zana, a huda mahaɗarsu a buga ƙusoshin itace masu kauri. Ba a bukatar manyan gungumai ko gwanin sassaƙa; kafintan ƙauye ma zai iya. Town yana karɓar dala ɗaya a kan kowace ƙafa ta tsawon gadar da aka gina da ƙirarsa, wanda aka kama ya gina ba izini kuma ya biya biyu. A 1840 William Howe ya sa sandunan ƙarfe a madadin itatuwan tsaye, waɗanda ake ɗaurewa da noti in gada ta saki. Kamfanonin jirgin ƙasa suka rungumi wannan ƙira. Ba wanda ya lura a lokacin cewa baƙon da aka ba masauki, wato ƙarfe, shi zai gaje gidan.

Cikin gwanayen zamanin akwai Nicholas Powers, mutumin Vermont, wanda a 1855 ya gina gadar Blenheim a jihar New York. Ta ƙetare mita 64 ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ruwa ba. Ana ba da labarin cewa da yawa sun yi hasashen za ta rufta da zarar an cire madogaran da aka tokare ta da su, shi kuwa ya hau can ƙololuwarta ya tsaya har aka gama cirewa. Gadar ta shekara 156 a tsaye. An ƙiyasta cewa gadoji masu rufi kimanin 14,000 aka gina a Amurka, akasarinsu tsakanin 1825 da 1875.

Rayuwa a Ƙarƙashin Jinka

Ko da yake don katako aka yi rufin, mutane ba su bar inuwar ta tafi a banza ba. Manomin da hadari ya rutsa da shi yakan tsaya ciki da lodin ciyawarsa. Masu tallar magunguna da masu wasannin yawo sukan manna takardunsu a bango, domin nan ne kaɗai ruwa ba ya wanke su. Yara sukan leƙa kogi ta tsagar alluna.

Yawancin manyan gadojin na kamfanoni ne, ana biyan kuɗin fito kafin a wuce. Gadar da ta haɗa garin Cornish na jihar New Hampshire da Windsor na Vermont a kan kogin Connecticut, an gina ta a 1866 bayan ambaliya ta tafi da uku da suka gabace ta. Tsawonta ya kusa mita 140, kuma sai a 1943 aka daina karɓar kuɗi a kanta. Har yau akwai rubutu a goshinta da ke gargaɗin mahayi ya sa dokinsa ya yi tafiyar ƙasaita, ko ya biya tarar dala biyu. Dalili shi ne, sukuwa ko sassarfa mai bugu ɗaya tana girgiza ƙwarangwal, tana kwance mahaɗa.

Wannan doka ta tafiya a hankali, haɗe da duhun ciki, ita ta jawo musu laƙabin gadojin sumba, domin saurayi da budurwa a keken doki sukan samu 'yan daƙiƙoƙi nesa da idon gari. A Hartland ta ƙasar Kanada, inda gada mai rufi mafi tsawo a duniya take, mai mita 391, an buɗe ta a 1901 ba rufi, sai a farkon shekarun 1920 aka rufe ta. Ana ba da labarin cewa wasu masu wa'azi sun soki rufin, suna tsoron ya ɓata tarbiyyar matasa. Duhun nan dai ba na masoya kaɗai ba ne. Matafiyin dare yakan shiga da fargaba, shi ya sa tatsuniyoyin fatalwa suka yawaita a kan waɗannan gadoji.

Wuta, Ruwa da Ƙarfe

Maƙiyan gada mai rufi uku ne. Na farko wuta. Busasshen katako mai dogon rami da iska ke ratsawa, murhu ne da ke jiran ashana. Ranar 28 ga Yuni, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, dakarun Arewa suka cinna wa gadar da ta haɗa Columbia da Wrightsville wuta, domin hana sojojin Kudu ƙetare kogin Susquehanna. Tsawonta ya haura kilomita ɗaya da rabi. Wutar ta tsallaka cikin garin Wrightsville, har sojojin Kudun suka shiga taya mutanen gari kashe ta. Kwana uku bayan haka aka fara gwabzawa a Gettysburg.

Na biyu ambaliya. A watan Nuwamban 1927 ruwa ya mamaye Vermont, ya hallaka mutum 84, ya lalata gadoji fiye da 1,200, cikinsu har da masu rufi da yawa. Da aka tashi sake gini, ƙarfe da kankare aka zaɓa.

Na uku, wanda ya fi su ɓarna, shi ne sauyin zamani. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 kamfanoni suka riƙa sayar da gadojin ƙarfe ƙerarru, a kawo su a jirgin ƙasa a harhaɗa. Sai ga mota, sai ga babbar mota mai lodi da ta fi ƙofar gada tsawo da faɗi. A idon injiniyan hanya na shekarun 1920 da 1930, gada mai rufi tsohon yayi ce: ƙunci, duhu, hanya ɗaya. Dubbai aka rushe ba tare da wani ya zubar da hawaye ba. Waɗanda suka rage yau a Amurka ba su kai dubu ɗaya ba, jihar Pennsylvania ce ke da mafi yawa, kimanin 200.

Haihuwar Bege

Abin lura shi ne, ba a fara ƙaunar waɗannan gadoji ba sai da suka kusa ƙarewa. A 1950 aka kafa ƙungiya ta ƙasa domin kare su. A 1956 Amurka ta yi dokar shimfiɗa manyan tagwayen hanyoyi da suka ratsa ƙasar, shekara ɗaya bayan haka kuma gundumar Parke ta jihar Indiana, mai gadoji 31, ta fara bikin gadoji masu rufi da ake yi kowane Oktoba. Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutumin da gudun mota da hayaniyar birni suka gajiyar, shi ne ya waiwaya ya ga aminci a wurin da kakansa ya ga kuɗin fito da tarar dala biyu. Hotonsu ya cika kalanda da katin gaisuwa. A 1992 Robert James Waller ya wallafa labarin soyayya da ya gina a kan gadojin gundumar Madison ta jihar Iowa, aka mayar da shi fim a 1995, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa.

A nan akwai abin dubawa. Gadar da ake ɗauka alamar natsuwar ƙauye, a zamaninta ita ce sabuwar fasaha, abar rajista da jari da riba, hanyar gaggauta kai kaya kasuwa. Manyan itatuwan da aka sassaƙa ta da su daga daɗaɗɗun dazuzzukan da aka sare suka fito. Bege yakan tace tarihi, ya ajiye zaƙi ya zubar da tsaki. Shahara kuma ba ta zama garkuwa ba: gadar Cedar ta gundumar Madison, wasu sun ƙone ta da gangan a 2002, aka sake ginawa, aka sake ƙone ta a 2017.

Wani abin da ya fi wannan zurfi shi ne yadda ake gyaran wasu daga cikinsu. Akwai gadojin da aka cusa wa manyan ƙarafa a ƙarƙashi su ɗauki nauyin, katakon ya koma ado. Akwai sababbi na kankare da aka ɗora wa jinka don a burge baƙi. Magabata sun yi rufi domin su tsare ƙwarangwal. 'Yan baya sun riƙe rufin sun saki ƙwarangwal ɗin. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Milton Graton na New Hampshire, tare da ɗansa Arnold, sun shafe shekaru suna gyara tsofaffin gadoji da gina sababbi bisa tsohuwar hanya, da ƙusoshin itace, har da sa shanu su ja gada su ɗora ta a kan kogi. Irin waɗannan sun gane cewa abin gādo na gaskiya yana hannun kafinta, ba a jikin allo kaɗai ba.

Kammalawa

Ruwan da ya tafi da gadar Bartonsville, a rana guda ya tafi da ta Blenheim da Nicholas Powers ya gina. An gina madadinta, an kammala a 2018, an kuma ɗaga ta sama da inda tsohuwar take. Amma tun a 2015 hukuma ta cire sunan gadar daga jerin manyan wuraren tarihi na ƙasa, domin wadda aka karrama ba ta nan. A Lucerne ma, gobarar daren 18 ga Agusta, 1993 ta cinye mafi yawan Kapellbrücke. Cikin wata takwas aka sake buɗe ta, amma akasarin zane-zanen ƙarni na 17 sun tafi ke nan. Katako yana da madadi, hannun wanda ya zana ba shi da shi.

To, shin sabuwar gada ita ce tsohuwar? Ta fuskar itace, a'a. Sai dai ita tsohuwar ma ba ta kai shekara ɗari da allunan da aka fara buga mata ba. An sauya jinkarta sau da dama, an sauya daɓe, an sauya bango. Abin da bai yanke ba shi ne jerin mutanen da kowane a zamaninsa ya ga ɗigon ruwa, ya ɗauko tsani. Duk gada mai rufi da ke tsaye yau shaida ce cewa zuriya biyar ko shida a jere ba su yi sakaci ba, domin sakacin zuriya ɗaya ya isa ya kayar da ita. Wataƙila wannan ne mutanen Bartonsville suka ji ya tsinke a ranar da kogi ya ɗauke gadarsu, shi ne kuma suka ƙulla da suka zaɓi katako a karo na biyu, alhali sun san cewa sun ɗora wa 'ya'yansu da jikokinsu aikin hawa jinka.